Daga Cikowa Zuwa Ambaliya: Nazarin Sunayen Ruwan da Ya Wuce Gaɓa

Daga watan Yuli zuwa Oktoba na kowace shekara, akwai jimlar da ba ta barin bakin masu karanta labarai a gidajen rediyon Hausa: ambaliyar ruwa ta afka wa gari kaza. An faɗe ta a kan Jibiya a Yulin 2018, an faɗe ta a kan Yamai a Satumbar 2020, haka Lakwaja a 2022, haka Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024. Wanda ya saurari rahotannin nan zai ɗauka abu ɗaya ne ya auku sau huɗu, alhali ba haka ba ne. A Jibiya mamakon ruwan sama na dare ɗaya ne ya ɗora kogi a kan unguwanni, ya halaka fiye da mutum 40. A Yamai kogin Kwara ne ya yi ta hawa kwana da kwanaki, har ya kai kusan mita 7 a ma'auni, ya fasa shingen da aka yi masa. A Lakwaja manyan koguna biyu ne suka haɗu kowanne a cike, ga kuma ruwan da aka saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya biyo Binuwai. A Maiduguri kuwa madatsar Alau ce ta ɓalle.

Abin da nake son nunawa a wannan nazari shi ne cewa Hausa ba ta rasa kalmomin bambanta waɗannan al'amura ba, kuma tana da su tun kafin rediyo. Abin da ya faru shi ne kalma ɗaya ta yi ƙiba a bakin 'yan jarida da hukumomi har ta danne 'yan'uwanta. Wannan danniya tana da sakamako biyu: tana ɓoye hannun mutum a inda yake da hannu, tana kuma hana mu ambaton ruwan da ake roƙon zuwansa.

Matakan hawan ruwa

Mutumin bakin kogi ba ya fara magana da ambaliya. Abu na farko da zai ce shi ne kogi ya kawo. Ba ya ma faɗin abin da kogin ya kawo, domin kowa ya sani. Daga nan sai ya ce ya ciko. Kalmomin biyu duk suna ɗauke da wasalin -o a ƙarshe, wanda a tsarin rabon aikatau na masanin harshe F. W. Parsons ake kira aji na shida, kuma aikinsa shi ne juyo da aiki wajen mai magana: saya da sayo, fita da fito, koma da komo. Saboda haka cikowa ba cika ba ce kawai, cika ce da ta nufo mu daga wani wuri mai nisa. A cikin ginin kalmar akwai sanin cewa ruwan kogi baƙo ne, an yi shi a sama da mu, kuma yana da lokacin isowa. Babu tsoro a cikinta. Masunci da manomin shinkafa suna faɗinta ne kamar yadda ake faɗin shigowar kaka.

Idan ruwan ya ƙaru sai a ce kogi ya cika ya batse, ko ya tumbatsa, ko ya yi toroƙo. Har yanzu yana bakin gaɓarsa. In ya tsallake ta, sai a koma ga malala. A nan ma nahawu na da abin cewa: ruwa ya malala yana nufin ya bazu, amma ruwa ya malale gonaki yana nufin bai bar komai ba, domin wasalin -e na aji na huɗu yakan nuna aikin da ya game abin da aka yi wa shi. Bayan haka ruwa yakan kwanta, wato ya zauna a wuri ba ya gudu, sannan ya janye. Sai kuma aikatau mafi nauyi a cikinsu, ci. Ruwa ya ci gona, ruwa ya ci jirgi, ruwa ya ci mutum. Daga nan karin maganar nan ta fito, cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

To ina ambaliya ta faɗo a wannan jeri? Tana daidai inda ruwa ya bar makwancinsa ya yi yawan da ya fi ƙarfin mazubi. A ganina asalin nauyinta yawa ne, ba ɓarna ba. Shaidata ita ce yadda muke ji dole mu ce ambaliyar ruwa, ba ambaliya kurum ba, abin da ke nuna cewa kunnen Bahaushe ya yarda wani abin ma yana iya yin ambaliya. Tumatir yakan yi ambaliya a kasuwa a tsakiyar rani, jama'a sukan yi ambaliya a filin taro. Ko da yake a wajen taron mutane harshen ya fi son cikar kwari ko tururuwa, a wajen 'yan gudun hijira ya fi son kwarara, in kuwa bututun mai ne ya fashe sai a ce malalar mai. Duka aro ne daga ruwa, ban da tururuwa, kuma kowanne ya ɗauki siffa ɗaya daga halin ruwan ya bar sauran.

Ruwa ya yi gyara

Babu wurin da ya fi nuna yadda Bahaushe ke kallon wannan al'amari kamar jimlar nan mai kalmomi huɗu. Da damina idan aka gaishe ka aka ce yaya ruwa, amsar ita ce ruwa ya yi gyara. Idan kuma aka wayi gari katangar maƙwabcinka ta faɗi, soron wani ya rufta, rumbun wani ya jiƙe, abin da za a faɗa shi ne ruwan jiya ya yi gyara a unguwa kaza. Jimla ɗaya, ma'ana biyu masu kishiyantar juna, kuma ba a taɓa ruɗewa. Muryar mai magana da wurin da ya ambata su ke raba gardama.

Wannan sakayawa ce, irin wadda ta sa ake kiran maciji igiyar ƙasa, ko majinyaci ya ce da sauƙi alhali jikin ya tsananta. Dalilinta a fili yake. Ruwan sama rahama ne, ana fita sallar roƙonsa in ya yi jinkiri, don haka bakin da ya roƙa jiya ba zai zarge shi da ɓarna yau ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin ladabin da ba a cika lura da shi ba. Gyara tana magana ne a kan irin asarar da ruwan sama ke yi kai tsaye a kan gini, ba tare da kogi ya shigo ba. Gidan ƙasa da bai sami yaɓe ba, rufin da indararonsa ya toshe, tushen katanga da ruwa ya kwanta masa kwana uku, su ne ke faɗuwa. Haka tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumbar 2024, a daminar da ta ci fiye da mutum 300 a Jamhuriyar Nijar. Kogi bai je masallacin nan ba. Sama ce ta zubo masa. Idan aka haɗa irin wannan rushewa da cikowar kogi a lissafi ɗaya ƙarƙashin ambaliya, an haɗa cuta biyu masu magani daban: ɗaya maganinta magini da magudana, ɗaya kuma shinge da ƙaura zuwa tudu. Mutanen Maraɗi sun sha magani na biyun a 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka mayar da birnin kan tudun da yake a yau.

A can ƙarshen jerin akwai kalmar da ba a laƙaba wa kowane ruwa a Hausa sai ɗaya. Ɗufana, daga Larabci, ruwan zamanin Annabi Nuhu ne, kuma kalmar ta zo a Alƙur'ani a labarinsa cikin Suratul Ankabut da kuma cikin azabobin mutanen Fir'auna a Suratul A'araf. Kiristoci Hausawa sun fi sabawa da rigyawa a kan wannan labari. Abin lura ga mai nazari shi ne cewa Alƙur'ani bai yi amfani da kalmar ɗufana ba a labarin mutanen Saba'i. Can wata kalma ce daban, mai nufin ruwa mai gudu, kuma masu tafsiri sun danganta abin da fashewar madatsar Ma'arib ta ƙasar Yaman. Wato ko a harshen da muka aro kalmar daga gare shi, ruwan da ya game duniya daban, ruwan da ya fasa ginin mutane daban.

Wa ya yi aikin?

A duba yadda ake gina jimlar labari. Ambaliya ta afka wa gari, ambaliya ta yi awon gaba da gada, ambaliya ta raba mutum dubu kaza da muhallansu. A kowace ɗaya ambaliya ce aikau, ita ce mai aikin. Sau da yawa ma akan sa mata iftila'i a gaba, a ce iftila'in ambaliyar ruwa, sai jimlar ta zo da ta'aziyyarta a haɗe. Ba ni da ja a kan cewa kowace musiba jarrabawa ce. Abin da nake cewa shi ne ginin jimlar ba ya barin gurbin da za a sa sunan mutum ko hukuma.

A kwatanta da yadda waɗanda abin ya shafa ke magana. Su cewa suke an saki ruwa, an toshe kwalbati da shara, an yi gini a kan hanyar ruwa, an bar dam ya lalace. Wannan an ɗin bai faɗi suna ba, amma ya tabbatar da cewa akwai wanda ya yi, kuma duk mai sauraro zai tambaya wane ne. Tsakanin ambaliya ta ci gonarmu da an sako mana ruwa akwai tazarar da ta kai ta neman diyya.

Rigimar Jigawa ta Satumbar 2010 a kan wannan gaɓa ta tsaya. Gwamnatin jihar ta ce buɗe madatsun Tiga da Challawa ne ya malale gonaki da ƙauyuka, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da madatsun kuma ta musanta. Ruwan bai canza ba, gonakin da ya ci ba su canza ba, gardamar duk a kan aikatau ce: an buɗe ne, ko ya tumbatsa da kansa? (Abin dariya mai ciwo, jihar da aka raɗa wa suna daga jigawa, wato tudun rairayi, ita ce kusan kowace shekara ke cikin sahun gaba a jerin waɗanda ruwa ya ci.) Haka zancen Lagdo. Bayan ambaliyar 2012, wadda hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, da ta 2022 da ta kashe sama da 600, bakin jama'a ya koma kan Kamaru. Amma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don tare ruwan Binuwai har yau ba a gina ta ba, duk da Lagdo tana aiki tun 1982, kuma koguna da yawa da ke zuba a Binuwai a cikin Najeriya suke. Faɗin Lagdo kaɗai wata hanya ce ta fitar da laifin daga gida. Maiduguri ma, inda madatsar ta gida ce, ta taɓa ganin ruwan Alau a titunanta a 1994, shekara talatin cif kafin na 2024.

Wanda yake ganin wannan duk wasan malaman harshe ne, ya dubi abin da ya faru a Amurka bayan guguwar Katrina ta Agustan 2005. Yawancin birnin New Orleans ya nutse ne saboda katangun tare ruwa sun fashe. Takardun inshorar gidaje kuwa sun ce kamfani ba zai biya asarar ambaliya ba. Sai masu gidaje suka kai ƙara, suna cewa kalmar tana nufin ruwan da ya zo bisa ɗabi'a, ba wanda sakacin injiniyoyi ya sako ba. A 2006 alƙali Stanwood Duval ya yarda cewa kalmar, a yawancin takardun, tana iya ɗaukar ma'ana biyu. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci, ta ce ambaliya ambaliya ce ko me ya jawo ta. Dubban iyalai suka rasa biyan da suke tsammani a kan fassarar kalma ɗaya, kuma fassarar da ta yi nasara ita ce mai faɗi, wadda ba ta tambayar wa ya yi.

Ruwan da ake jira

Asara ta biyu ta fi ta farko zurfi, ko da yake ba ta shiga labarai. Idan duk ruwan da ya hau gaɓa ambaliya ne, ambaliya kuma iftila'i ce, to duk wanda ya hana kogi hawa ya yi aikin alheri. Wannan tunani shi ne ya tsaya bayan manyan madatsun da aka gina a Arewa daga shekarun 1970, kuma mazauna fadama ne suka biya kuɗinsa.

Dausayin Haɗeja da Nguru rayuwarsa a kan cikowa take. Ruwan kogunan Haɗeja da Jama'are yakan malala a kan fadama a ƙarshen damina, manomi ya noma shinkafa a cikinsa, kifi ya bi shi ya hayayyafa a cikin ciyawa, sannan yayin da yake janyewa a bi sawunsa da wake da sauran shuka a kan laimar da ya bari, Fulani kuma su sauko da shanu da rani. Wanda ya nutse cikin ƙasa shi ke cika rijiyoyi har nesa da kogin. Fili ɗaya, amfani huɗu ko biyar a shekara. A ƙasar Borno ma dawar masakwa a kan laka take tsayawa bayan ruwa ya janye, ba ta bukatar ko ɗigon ruwan sama. Bayan an gama Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tare da farin shekarun 1970 da 1980, filin da ruwa ke malalewa ya ragu daga kusan murabba'in kilomita 2,000 zuwa ƙasa da 1,000. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da dausayin ke samarwa ta noma da su da itace, suka gwada da na aikin noman rani na kogin Kano, suka gano cewa in dai da yawan ruwan da aka kashe za a yi awo, na dausayi ya ninka na aikin gwamnati nesa ba kusa ba. A ƙasar Sakkwato mai bincike William Adams ya sami irin wannan a ƙasan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978: noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ya ragu. An fi tuna Bakolori da kisan manoman da suka yi zanga-zangar diyya a Afrilun 1980, amma ƙauyukan ƙasan madatsar sun yi tasu asarar shiru, ba harbi, ba labari.

Abin da ya biyo baya a Haɗeja ya ƙara dagula ma'anar kalmar. Madatsun ba su hana ruwa zuwa ba, sun dai sauya masa lokaci. Maimakon ya zo da ƙarfi ya wanke hanyoyinsa sannan ya bar ƙasa ta bushe, sai ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta karkatar da kogi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Yau akwai gonakin da ruwa ya kwanta a kansu ba ya janyewa, akwai kuma ƙauyukan can ƙasa wajen Yobe da suke jiran cikowar da ba ta isowa yadda ta saba. Mutumin farko zai ce ambaliya ta cinye gonarsa. Na biyu ba shi da kalmar da jami'i zai rubuta a takardar agaji, domin babu hukumar da ke raba shinkafa da tabarmi ga wanda kogi ya ƙi kawo masa.

Kogin Kwara ya nuna wani gefen. Yana cikowa sau biyu a Yamai. Ta farko tana zuwa a Agusta da Satumba, daga ƙoramun Sirba da Dargol da Gorouwal da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso, ruwanta ja ne saboda ƙasar da ya kwaso, shi ya sa masana ke kiranta jar cikowa. Ta biyu ruwan tsaunukan Gini ne, wanda ke yin watanni yana ratsa dausayin tsakiyar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso da sanyin hunturu, ana kiransa baƙar cikowa. A da ta biyun ce babba, kuma tana zuwa a hankali yadda kowa zai shirya mata. A 'yan shekarun nan jar ta sha wuce ta, kuma masu binciken ruwa irin su Luc Descroix sun danganta hakan da sare daji da taurin fuskar ƙasa, wanda ke sa ruwan sama ya gudu maimakon ya nutse. Wadda ta fasa shingen Yamai a 2020 jar ce. Mai rahoton da ya ce ambaliya kawai ya gaya wa mai sauraro cewa ruwa ya zo, bai gaya masa cewa halin kogin ne ya sauya ba.

Hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara a Najeriya tana raba ta kashi-kashi, ta kogi daban, ta farat ɗaya da ta cikin birni daban, ta bakin teku daban. Da sanarwar ta iso rediyon Hausa sai kashe-kashen su narke su koma kalma ɗaya, manomin fadamar Haɗeja da mai shago a Kano su ji gargaɗi iri ɗaya alhali abin da ya kamata kowannensu ya yi daban ne.

Akwai wuraren da aka gwada mayar wa fadama ruwanta da gangan. A arewacin Kamaru, bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza da Logon, an buɗe wata hanyar ruwa a 1994 don ruwa ya sake malala, ciyawa da kifi suka fara dawowa. A kogin Senegal an riƙa sakin ruwa daga madatsar Manantali don manoman da ke bin janyewar ruwa. An daɗe ana ba da irin wannan shawara a kan Tiga da Challawa, wato a saki ruwa mai yawa a lokacin da kogin ya saba cikowa, a rage shi da rani don kacalla ta bushe. Duk ranar da za a yi hakan, sai an sanar da mutanen Haɗeja da Guri da Nguru da Gashuwa da Hausa, kuma mai rubuta sanarwar zai tarar cewa za a saki ruwa yanzu gargaɗin gudu ne a kunnen jama'a, ambaliya kuma ba ta shiryuwa. Kalmar da za ta yi masa aiki ita ce cikowa, tare da ranar da ake sa ran isowarta kowane gari da iyakar inda za ta kai.